Hukuncin Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira ga Malamin Jami'a Wajen Koyarwa da Bincike

Tambaya

Ni malami ne a wata jami'a a nan Kano, gidanmu yana Ƙofar Mata cikin birni. Ina koyar da darussa uku a kowane zango, ɗaya daga cikinsu ɗalibansa sun haura ɗari uku, ga kundayen ɗalibai da nake dubawa, ga kuma maƙalun da ake nema kafin a yi wa mutum ƙarin girma. Kusan shekara biyu ke nan ina amfani da ChatGPT wajen tsara takardun lakca, da fitar da tambayoyin gwaji, da gyara Turancin maƙaluna. Kwanan nan abubuwa biyu suka tayar mini da hankali. Na farko, wata ɗaliba ta ce mini ta nemi wani hadisi da na sa a takardar lakca na ce yana cikin Bukhari, ba ta same shi ba. Da na bincika sai na tarar babu shi a can, manhajar ce ta ba ni. Na biyu, na koma kan wata maƙala tawa da aka riga aka buga, wadda ke cikin takardun da na miƙa don ƙarin girma, sai na ga madogara biyu daga cikinta babu su a duniya. Shin amfani da wannan abu ya halatta tun asali? Me ya wajaba a kaina game da abin da ya wuce? Kuma ya halatta in kayar da ɗalibin da nake zargin manhaja ce ta rubuta masa jinga?

Taƙaitacciyar amsa

Amfani da waɗannan manhajoji halal ne a asalinsa, domin kayan aiki ne. Sai dai manhaja ba ta ɗaukar amana, kuma ba a karɓar ruwaya daga gare ta. Duk abin da malami ya kai gaban ɗalibai ko ya sa wa sunansa, alhakinsa yana wuyansa, kuma wajibi ne ya tabbatar da shi daga asalinsa kafin ya fitar. Ya wajaba ka gyara hadisin a gaban waɗanda ka koya wa, ka kuma sanar da mujallar da kwamitin ƙarin girma. Bai halatta a kayar da ɗalibi bisa zato ba.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa mai tambaya, bisa damuwar da ka nuna, domin damuwa da irin wannan alama ce ta cewa zuciya tana raye.

Na farko: mene ne wannan abu, kuma yaya yake aiki?

Malamai suna cewa hukunta abu yana biyo bayan fahimtarsa ne, saboda haka da bayaninsa za mu fara.

Kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Bayansa wasu suka biyo, irin su Claude da Gemini da Copilot da DeepSeek. A watan Afrilun 2024 kuma Meta AI ta iso Nijeriya a cikin WhatsApp, ta yadda ɗalibin da ke da waya yana riƙe da ita a hannunsa ko bai neme ta ba.

Yadda ake gina su shi ne, ana ɗura wa kwamfuta rubutu mai yawan gaske daga intanet da littattafai, har ta laƙanci irin kalmar da ta saba biyo bayan wata. Idan aka yi mata tambaya, sai ta riƙa jero kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓar abin da ya fi kama da amsa ingantacciya. Ba buɗe littafi take yi ta duba shafi ba. Ko waɗanda aka haɗa su da injin bincike na intanet sukan jingina wa shafi abin da bai faɗa ba. Wannan ne ya sa take iya kawo sunan marubuci da sunan littafi da shekara da mujalladi da lambar shafi, komai a tsare, alhali babu wannan littafin. Kuma da irin salon da take faɗar gaskiya da shi take faɗar ƙagen, babu wata alama da za ta bambanta maka su.

Wannan aibi ya riga ya jefa masana cikin kunya. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a guda shida da ChatGPT ta ƙaga, ba su duba ba.

Malamin Kano yana da ƙarin dalilin yin hattara. Mafi yawan rubutun da aka horar da waɗannan manhajoji da shi na Turanci ne, na Hausa kaɗan ne ƙwarai. Rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da waɗanda ke adane a gidajen malamai cikin birni, yawancinsu ba su shiga intanet ta sigar da na'ura ke karantawa ba. Don haka kuskurenta ya fi yawa a tarihin garuruwanmu da unguwanninmu, da salsalar malamanmu, da adabin Hausa, wato a wuraren da mai karatu daga waje ba zai iya kama kuskuren ba.

Na biyu: asalin hukunci

Asali a cikin abubuwan rayuwa da kayan aiki shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita. Malamai sun karɓi injin ɗab'i, sun karɓi rakoda, sun karɓi Maktabatus Shamila, kuma babu wanda ya ce ilimi ya lalace don an daina kwafar littafi da alƙalamin kara. Ita kanta Jami'ar Bayero a shekarar 1960 ta faro a matsayin kwaleji cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma tun daga lokacin kayan aikin malamanta suke ta sauyawa.

Har ma yin aiki don manhajojin su iya Hausa da kyau abu ne da ake fatan lada a kansa idan niyya ta gyaru. Akwai masu bincike da suka tashi tsaye a wannan fage, irin su ƙungiyar HausaNLP, wadda malaman Jami'ar Bayero ke cikinta, kamar Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad da ya jagoranci aikin NaijaSenti na shekarar 2022, inda aka tattara aka tantance rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka.

Misalin da zai fayyace maka iyakar halaccin yana nan kusa da gidanku. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, an san ta da rinin baba: a haɗa baba da toka da ruwa a rami, a bar shi kwanaki har ya nuna, a riƙa tsoma zane ana ɗagowa ya sha iska har launin ya kama. A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya fi sauri ya fi araha. Babu malamin da ya haramta rini da shi. Abin da yake haramun shi ne a rina zane da shuɗin kanti, a kai wa mai saye a ce masa rinin baba ne na rami, a karɓi kuɗin rinin baba. A Sahihu Muslim, daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi), Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Laifin mutumin ɓoyewa ne, ba jiƙewar abincin ba. Haka lamarin manhaja yake.

Bisa wannan, ya halatta malami ya yi amfani da ita wajen gyara nahawu da rubutu, da tsara jadawalin darasi, da neman misalan da za su sauƙaƙa wa ɗalibi fahimta, da fassarar farko wadda zai bi ya gyara, da rubuta umarnin kwamfuta na lissafin bayanai wanda zai gwada da kansa, da taƙaita maƙalar da ya riga ya karanta, da neman ta kawo suka a kan hujjarsa don ya ƙarfafa ta. Sharuɗɗan guda huɗu ne: ya tabbatar da abin da ta ba shi, ya bayyana amfani da ita a inda ake neman bayani, kada ya zuba mata sirrin wani, kuma kada ya saɓa wa dokar jami'arsa ko ta mujallar da yake aika wa aiki, domin cika sharaɗin da mutum ya yarda da shi wajibi ne.

Na uku: manhaja ba mai ruwaya ba ce

Allah Maɗaukaki Ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa a Suratul Isra'i, aya ta 36, Ya kuma yi umarni da bin diddigin labari a Suratul Hujurat, aya ta 6. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa yaɗa duk abin da ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata, kuma a nan ne aka kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak mai nuna cewa isnadi wani ɓangare ne na addini.

Malaman hadisi sun sharɗanta wa mai ruwaya adalci da kiyayewa, sun ƙi karɓar ruwayar wanda ba a san halinsa ba. Ko abin da mutum ya tsinta a rubuce da hannun malami sananne, wanda suke kira wijada, sun sa shi a ƙasan hanyoyin ɗaukar ilimi. To abin da manhaja ta fitar bai kai ko wijada ba, domin babu malamin da ya rubuta shi, babu kuma wanda za a tambaya daga ina ya samo. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Manhaja kuwa an gina ta ne don ta ba da amsa, kuma sau da yawa takan amsa a inda malamin kirki zai yi shiru.

Saboda haka matsayin maganarta shi ne matsayin nuni: ta nuna maka inda za ka duba, kai kuma ka je ka duba. Ga yadda ake yi:

1. Aya: a kwafo ta daga mushafi, kada a karɓe ta daga manhaja. A lura cewa yawanci da ruwayar Hafsu take kawo ayoyi, alhali da yawa daga mutanenmu da Warshu suka yi karatu, kuma ƙidayar ayoyin ta bambanta: 6,236 a ƙidayar Kufa da mushafin Hafsu ke bi, 6,214 a ƙidayar Madina da mushafin Warshu ke bi. Fassara kuma a ɗauko ta daga tarjama sananniya, kamar ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

2. Hadisi: a nemo lafazinsa na Larabci a cikin littafin da aka jingina wa, da babinsa, da hukuncin malamai a kansa. Shamila da shafin Addurarus Saniyya suna sauƙaƙa wannan cikin mintuna.

3. Maganar malami ko hukuncin mazhaba: a buɗe littafin, a karanta abin da ke gabanta da bayanta.

4. Maƙala ko littafin boko: a nemi lambarsa ta DOI, ko a neme shi a Google Scholar ko AJOL, a buɗe shi a ga cewa ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Wanzuwar maƙala ba ta isa ba, sai an ga maganar a cikinta.

5. Kalmar Hausa ko ma'anarta: a koma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, da kuma bakin masu harshen.

Abin da ba ka gani da idonka a asalinsa ba, kada ka sa shi a takarda.

Na huɗu: koyarwa da bayar da maki

Jami'a ta ɗauke ka aiki ne saboda iliminka kai kanka, bayan ta duba takardunka ta yi maka tambayoyi. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa idan aka ɗauki mutum aiki bisa sharaɗin shi zai yi da kansa, ba shi da ikon ɗora wani a madadinsa. Neman taimako wajen shirya darasi bai saɓa wa wannan ba, kamar yadda duba littafi bai saɓa ba. Abin da ya saɓa shi ne malami ya karɓi takardar da manhaja ta rubuta, bai karanta ba bai tace ba, ya raba wa ɗalibai ko ya tsaya gabansu yana karantowa.

Maki kuwa shaida ne. Idan ka rubuta wa ɗalibi 70, kana shaida wa jami'a da iyayensa da wanda zai ɗauke shi aiki gobe cewa ka duba aikinsa ka ga ya cancanci haka. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Bakrata a Bukhari da Muslim. Tambayoyin zaɓi-ɗaya waɗanda amsarsu a ƙayyade take, babu laifi na'ura ta yi musu maki, matuƙar kai ka tsara amsoshin ka kuma gwada ingancin aikinta. Amma amsar da ɗalibi ya yi bayani da kansa, da jinga, da kundin digiri, bai halatta ka miƙa wa manhaja ta yanke hukunci ka sa hannu ba tare da ka karanta ba. Haka takardar shaidar hali da malami ke rubuta wa ɗalibi: manhaja tana iya gyara lafazi, amma abin da aka faɗa game da ɗalibin dole ya zama abin da kai ka sani.

Yawan ɗalibai uzuri ne na gaske, amma maganinsa shi ne a kai kuka ga shugaban sashe a nemi mataimaka, ko a sauya tsarin gwajin zuwa wanda za a iya dubawa da gaskiya.

Na biyar: bincike da maƙala

Jingina magana ga mai ita tsohuwar ƙa'ida ce a wurin malaman Musulunci. Ibnu Abdil Barr ya ambata a Jami'u Bayanil Ilmi cewa hakan yana daga albarkar ilimi. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira kuma ya yi musayar wasiƙa da sarakunan ƙasar nan, ya rubuta risala sukutum kan bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. A wannan zamani kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba.

Masu buga mujallun ilimi sun isa ga matsaya mai kama da wannan. A Janairun 2023 mujallar Nature ta sanar cewa ba za ta karɓi manhaja a jerin marubuta ba, kuma wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. A Fabrairun 2023 kwamitin COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ya faɗi haka, da hujjar cewa manhaja ba za ta iya ɗaukar alhakin aiki ba. Wannan ya dace da abin da shari'a ta tabbatar, cewa alhaki yana hawa kan mai hankali ne wanda aka ɗora wa hukunci.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa waɗanda suke haramun ba tare da shakka ba:

Na ɗaya, manhaja ta rubuta maƙala ko babi, mutum ya sa sunansa a matsayin tunaninsa da bincikensa. Allah Ya zargi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba a Suratu Ali Imrana, aya ta 188, kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim ya siffanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafin ƙarya.

Na biyu, ƙaga bayanai: a sa manhaja ta cike takardun tambayoyi a madadin mutanen da ba a je wurinsu ba, ko ta ƙirƙiro sakamakon gwaji, ko hirar da ba a yi ba, ko hoton da za a ce daga ɗakin gwaji ya fito. A Fabrairun 2024 wata mujalla ta kamfanin Frontiers ta janye wata maƙala kwanaki kaɗan bayan buga ta, saboda zane-zanen da manhajar Midjourney ta yi masu ɗauke da rubutun da ba shi da ma'ana. Cutarwar irin wannan takan wuce marubucin, domin a kan bincike ake gina magani da tsarin noma da manufofin hukuma.

Na uku, jera madogarar da mutum bai gani ba, domin jera su yana nufin ya ce ya duba su.

Na shida: sirri

Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, Ya hana ha'intar amana a Suratul Anfal, aya ta 27. Abin da aka rubuta wa manhaja yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ke wata ƙasa, kuma wasu kamfanonin suna amfani da shi wajen ƙara horar da ita idan mutum bai rufe wannan zaɓin ba. Saboda haka kada a zuba mata sunayen ɗalibai da makinsu, ko bayanan marasa lafiya, ko hirar mutanen da aka yi musu alkawarin ɓoye sunansu, ko tambayoyin jarabawar da ba a yi ba, ko kundi da maƙalar wani da aka aiko maka don tantancewa. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta hana masu tantance mata ayyuka yin haka tun Yunin 2023, kuma a cikin wannan watan ne aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. Idan buƙata ta kama, a cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum.

Na bakwai: ɗalibin da ake zargi

Bai halatta ka kayar da shi don kawai rubutunsa ya yi maka kama da na manhaja ba. Allah Ya yi umarni da nisantar yawan zato a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma ƙa'idar shari'a ita ce kawo hujja yana kan mai tuhuma.

Manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura ba su kai matsayin hujja ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda ƙarancin dacewarta. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka buga a 2023 ya gano cewa irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin rubutun na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Ɗalibanmu suna cikin wannan rukuni. Tambayar ChatGPT ko ita ta rubuta abu kuwa ba ta da wani amfani, domin ba ta da hanyar sani. A Mayun 2023 wani malami a jihar Texas ya yi haka ya tuhumi ɗaliban ajinsa, daga baya aka wanke wasu daga cikinsu.

Hanyar adalci ita ce wadda malaman zaure suka saba da ita: ɗalibi ya zauna gaban malami ya biya karatunsa. Ka kira shi, ka tambaye shi ma'anar abin da ya rubuta, da inda ya samo madogararsa, ka nemi ya nuna maka rubutunsa na farko. Wanda ya yi aikinsa zai iya kare shi. Idan ya kasa, ko ya amsa laifinsa, ko aka sami madogarar ƙage a aikin, sai a bi matakan da dokar jami'a ta tanada. Kuma tun farkon zango ka bayyana wa ɗalibai a rubuce abin da ka yarda su yi da manhaja da abin da ka hana, ka faɗa musu inda kai ma kake amfani da ita. Babu laifi a taƙaita wa ɗalibi abin da aka sake wa malami, tunda shi ana son hannunsa ya faɗa ne, amma a yi hakan a fili.

Na takwas: abin da ya wajaba a kanka yanzu

Game da hadisin: narkon da ya zo a hadisi mutawatiri kan yi wa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ƙarya ya shafi wanda ya yi da gangan ne, kuma kai ba ka yi da gangan ba. Sai dai ka yi sakaci wajen tabbatarwa, don haka ka nemi gafarar Allah. Sannan ka gyara a inda ka yi kuskuren: ka faɗa a aji, ka aika a zauren WhatsApp na ɗaliban, ka janye tsohuwar takardar ka raba gyararriya, ka isar da gyaran ga waɗanda suka wuce ajin gwargwadon iko. Allah Ya haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa a Suratul Baƙara, aya ta 160. Ka bi sauran takardunka ɗaya bayan ɗaya, domin inda aka sami ɗaya ana iya samun wani. Ɗalibar da ta nuna maka kuwa ka gode mata, kada abin ya shafi makinta sai da alheri.

Game da maƙalar: ka rubuta wa editan mujallar ka bayyana abin da ya faru. Idan binciken naka ne, bayanansa na gaskiya ne, madogaran biyu kuma ba a kansu hujjar ta tsaya ba, to a buga gyara ya wadatar. Idan kuwa a kansu sakamakon ya ginu, sai ka nemi a janye maƙalar. Ka sanar da kwamitin ƙarin girma kafin ya yanke hukunci, ko ka cire maƙalar daga cikin takardunka har sai an gyara. Yin shiru bayan ka sani shi ne zai mayar da kuskure ya zama algus. Wataƙila hakan ya jinkirta maka ƙarin girma da shekara guda, amma jinkirin ya fi maka alheri a kan matsayin da za ka riƙa cin albashinsa kana tsoron ranar da wani zai buɗe shafin manazarta. Albashin da ka karɓa a baya bisa koyarwar da ka yi halal ne, babu abin da za ka mayar.

Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a iliminka da ɗalibanka, Ya azurta mu da gaskiya a magana da aiki.

Allah ne Mafi sani.